Yallaɓai See, Ina Ka Kai Rakiya?

Zuwa ga Mai Girma Yallaɓai See,
Babban ma'aikaci a harshen Turanci,
Mai haruffa uku da ofisoshi ba adadi,
Ta hannun duk wanda ya san inda kake kwana.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, irin wadda ƙarami ke yi wa babba yana rusunawa ko da gwiwarsa na ƙara, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da ƙannenka Saw da Seen. Ina kuma yi maka sannu da aiki, domin duk faɗin Kalaba ban san ma'aikacin da ya kai ka zirga-zirga ba. Da safe kana asibiti, da rana kana ofishin fansho, da yamma kana bakin 'yan mata. Allah ya ƙara ƙarfin ƙafa.

Sunana Orok Asibong Nyong, tsohon hedimasta mai ritaya. Ka san ni, sai dai in girma ya sa ka manta. Ni ne na yi shekara da shekaru ina rubuta ka da alli, yara suna rera sunanka da na ƙannenka har a ji su daga bakin titi. A lokacin na gaya musu aikinka ɗaya ne: ido ya buɗe, ya sauka a kan abu, shi ke nan. Ga akuya, ga kwale-kwale, ga malam yana zuwa da bulala. Ban san kana da wasu sana'o'in a bayan fage ba.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba, ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Akwai wata baiwar Allah, Mma Ikwo, ƙawar marigayiya matata Ansa. Nata mijin ya riga Ansa tafiya. Tun bayan jana'izar matata, duk Asabar sai Mma Ikwo ta kawo mini ekpang a cikin kula, wato gwazar nan da ake gogewa a naɗe ta ƙulli-ƙulli a ɗanyen ganye, aikin da ke cinye wa mace yini guda. Ɗanta Eyo injiniya ne a Legas. Ya sayi tikitin jirgi, Juma'a mai zuwa zai iso ya kwashe ta, ta koma wurinsa da zama gaba ɗaya. Ni kuwa ina da magana da ita, magana ɗaya tak: ina so ta zauna ta aure ni. Na haura saba'in, na san abin da nake so, bakina kuma lafiyarsa ƙalau. Wurin faɗin maganar ne babu, kuma kai ka ɓatar da shi. Zan zo kan wannan. Amma tun da Allah ya sa na samu shiga ofishinka, bari na fara da ƙananan laifuffuka.

Na ɗaya. Wa ya naɗa ka wakilin fahimta? 'Yata Arit, ma'aikaciyar jinya, tare muke zaune. In na tsaya ina yi mata bayanin yadda rufin kicin ke yoyo, sai ta ce “I see,” alhali idonta na kan waya, ko sashen da kicin yake ba ta kalla ba. Rannan na gaji na ce, “Arit, me kika gani?” Ta ce, “Haba Papa, ai na gane nake nufi.” Na ce, “To me kika gane?” Ta ce, “Abin da ka faɗa mana.” A da, in magana ta wuce mutum, kunya ce ke kama shi ya roƙi a maimaita. Yanzu sai ya kira ka, ka zo da gudu ka tsaya a gabansa ka kare shi. Har yau rufin nan yana yoyo, da bokiti biyu muke tarar ruwan.

Na biyu. A zamanina, in na rubuta “See me” da jan biro a ƙasan aikin yaro, ranar ko ƙosai ba ya iya haɗiyewa. Kai ne ɗan sandana. Kwanakin baya na je wani ofishi bin takardun fansho, sai akawun ya miƙe da murna ya kira ni Ete, wato Baba a yarenmu, ya ce, “Ete Hedimasta! Ba ka gane ni ba? Ni ne Ukpong na bayan aji, wanda ka ce kansa kwakwa ne, ruwa ne zalla a ciki!” Muka yi dariya, na sa masa albarka. Ya jujjuya takarduna, ya jawo aljihun tebur ya bar shi a buɗe, sannan ya sassauta murya ya ce komai ya yi daidai, saura dai na “see” shi. Na ce, “Ukpong, ga ni ina kallonka, har tumbi ka ajiye.” Ya ce, “Ete, ka san ganin da nake nufi. Ai a wurinka muka fara jin kalmar.” Ka ji fa, ranka ya daɗe. Na aike ka ka tsoratar da malalata, ka dawo kana riƙe musu bakin buhu. Shin an yi maka canjin ma'aikata ne ba a sanar da mu ba?

Na uku. An ce mini likita zai “see” ni. Na yi wanka, na ɗaura zanena na zuwa coci, na sa farar riga mai dogon hannu. Tun da na shiga ɗakin har na fito, tsakiyar kansa kawai na gani, kuma ina mai shaida maka sanƙo ya fara yi masa sallama. Ya yi tambaya bai ɗago ba, ya yi rubutu bai ɗago ba, ya miƙo mini takarda bai ɗago ba. Da za a jera ni da fasto da mai sayar da kifi, a ce ya nuna wanda ya duba, sai dai ya yi canki-canki. Amma a jikin katina, ga ƙanenka Seen nan zaune daram.

Na huɗu. Ina so a fayyace mini ɓangaren da kake yi wa aiki a cikin “We shall see.” Ɗan'uwana ya faɗa mini ita lokacin rikicinmu kan gonar kwakwar manja, nufinsa mu haɗu a kotu. Fasto ya faɗe ta kan gyaran bencin coci mai cizon zane, nufinsa sai ranar tashin matattu. Mma Ikwo ta faɗa wa Eyo ita da ya fara zancen Legas. Shi ya ji alamar yarda ya tafi ya sayi tikiti, ni na ji alamar ƙi na koma gida na yi barci har da minshari. Ma'aikaci ɗaya ya ci a wurin mai ƙara, ya ci a wurin wanda ake ƙara? Ko a cikin lauyoyi ban taɓa jin mai ƙarfin halinka ba.

Na biyar, wannan gajere ne don kunya nake ji. Arit ta tambaye ni da Turanci ko ina “seeing” Mma Ikwo. Na ce ƙwarai kuwa, duk Asabar, da tabarau ma. Yarinyar nan ta yi dariya har da riƙe ƙofa, ta ce, “Papa, ka ci gaba da gani, jirgi zai tashi kana gani.” Ashe har dillancin soyayya ka shiga, da girmanka.

Duk waɗannan, ranka ya daɗe, da na haƙura da su. Mai sana'a da yawa dole wata ta lalace, kuma mun saba da manya masu riƙe kujeru goma. Wanda ba zan haƙura da shi ba shi ne na shida.

Na shida. Ina ka kai rakiya?

Cikin dukan rigunan da kake sawa, wadda muka fi girmamawa a garin nan ita ce ta “see off.” Kai ma ka sani, tun kafin ka sauko daga jirgin ruwa muke raka baƙinmu. Ka zo ka tarar da al'adar, ka ce za ka riƙe mana sunanta, muka ba ka amana. Bari na tuna maka yadda take, tun da alamu sun nuna ka manta. Mai karɓar kuɗin wuta, bakin ƙofar falo ya ishe shi. Maƙwabci, bakin get. Aboki, har gindin mangwaron da ke kan kwana. Suruki kuwa, ko wanda ka ɓata wa rai, sai ka wuce kwana ka gangara da shi har inda ake hango kogi. Mutum yakan san matsayinsa a zuciyarka daga inda ka juya. Mahaifiyata ta yi shekara ba ta gaisa da ƙanwarta ba, don ta raka ta iya get sannan ta ce wai ta bar miya a wuta.

Amma ba girmamawa kaɗai ba ce, kuma nan ne gizo ke saƙar. A falo fuskantar juna ake yi. Ga hotunan magabata a bango, ga yara na shige da fice, ga abinci wanda dole a yabe shi. Wa zai buɗe cikinsa ana kallon ƙwayar idonsa? A falo sai zancen ruwan sama da tsadar jatan lande. A hanya kuwa kafaɗa da kafaɗa ake tafiya, kowa na kallon gabansa yana kauce wa kwata, baki sai ya yi ƙarfin hali. Kuma hanya tana da iyaka. In an iso inda mai gida zai juya, sai a tsaya, sannan wani ya ce, “Af, na kusa mantawa.” To abin da ya biyo bayan wannan “na kusa mantawa,” shi ne ya fito da mutum daga gidansa tun safe.

Haka na nemi auren Ansa. Mahaifinta ya raka ni ya wuce kwana, ya wuce coci, ya gangara da ni har bakin kogi, ya tsaya yana kallon masunta kamar bai taɓa ganin taru ba, sai da na tuna abin da na kusa mantawa. Haka kuma muka kashe wutar rikicin gonar kwakwa ni da ɗan'uwana, bayan lauyoyi sun ci rabonsu sun goge baki. Ya zo gaishe ni da ciwo, na raka shi, a gindin mangwaro ya ce, “Orok, ka ɗauki gefen rafi, ni na ɗauki gefen hanya, mu daina ba mutane dariya.” Ko shekara ɗari muka yi a falo, ba mai iya furta wannan a cikinmu.

Yanzu fa? Eyo yaron kirki ne, ban ce ba. Yana son uwarsa, ya kuma san halin da gwiwarta ke ciki. Saboda haka duk Asabar, daga can Legas, sai ya latsa waya ya turo mata motar haya har ƙofar gidana. An ce yana zaune a ofishinsa yana kallon motar a taswira, wani ɗan ɗigo yana rarrafe. Ina cikin suɗe kwano sai wayarta ta yi ƙara, a ji shi yana cewa, “Mama, ina ganin motar a ƙofar Ete Orok, ki fito kada a ƙara kuɗin jira.” Da Turanci yake faɗa, kuma kai ne a bakinsa, Yallaɓai. Mutum yana Legas yana ganin ƙofar gidana, ni da ke cikin gidan an hana ni taka waje. Daga falona zuwa ƙofar mota, ko tari mai kyau mutum ba zai gama ba. Ta shiga, ta leƙo ta taga ta ce “See you,” motar ta tafi da ita. Kai ne kuma a nan ma. Ka bar babbar riga ka ɗauki singileti.

Kada ka ce ban yi ƙoƙari ba. Na gwada a falo. Na gyara murya, na ce, “Mma Ikwo,” ta ce, “Na'am, Ete Orok,” na ɗaga kai sai muka haɗa ido da hoton Ansa, tana mini kallon da takan yi in ta ji warin bammi a rigata. Abin da ya fito daga bakina shi ne, “Wannan manjan a ina kike saye?” Ta gaya mini shagon, har da sunan mai shi.

Na gwada a bakin mota. Ta sa ƙafa ɗaya ciki, na ce, “Af, Mma Ikwo, na kusa...” sai direba ya danna hon ya ce, “Baba, a yi haƙuri, wani fasinjan na jira.” Yaron da na isa na haifi ubansa.

Sai na yi dabara irin ta tsofaffin malamai. Na ce tun da ba a bari na raka ta, bari na je gidanta ita ta raka ni. Ran Laraba na shirya, na riƙe abarba biyu, na tafi. Muka sha hira, na miƙe, ta ɗauko ɗankwalinta za ta fito. Ashe ta gaya wa Eyo a waya cewa na zo. Muna buɗe ƙofa sai ga mota, direba na murmushi yana cewa, “Ete Orok ne? Oga na Legas ya biya, ya ce dattijo kamarka bai kamata ya taka ƙasa ba.” Motar akwai sanyi, akwai ƙamshi, kuma tun da nake ban taɓa shiga motar da ta ɓata mini rai irinta ba. Da na isa gida sai da na kira Eyo na yi godiya, don an ce na gaba ya yi gaba, amma tarbiyya ba ta tsufa.

Ka ga inda sakacinka ya kai mu? Kana can kana raba kanka tsakanin likita da akawu, an zo an sace rakiya da rana tsaka, ko ƙara ba ka shigar ba. Yaran yanzu suna jin in sun ga ɗigo ya isa gida, sun sauke nauyi. Su ina za su faɗi abin da suka kusa mantawa? Ko shi ya sa suke rubuta shi a waya, a mayar musu da hoton babban yatsa?

Gobe Asabar, ita ce ta ƙarshe kafin Eyo ya zo. Zan gaya maka gaskiya, tsoro nake ji. Ba yunwa nake tsoro ba, Arit ta iya girki daidai gwargwado. Ina tsoron ranar da za ta zo ba wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya ce mini rigata ba ta sha guga ba. Ina tsoron a kai matar nan bene na uku a unguwar da ake tambayar baƙo katin shaida, ta zauna tana kallon talabijin, tana tsammanin ban taɓa son ta zauna ba. Hannuna ya gaji, zan ajiye alƙalami a nan.

Ranka ya daɗe, yau Lahadi, na dawo daga coci, kuma ƙafafuna suna cikin ruwan zafi nake wannan rubutu. Ban goge ko ɗaya daga cikin ƙorafin da ke sama ba, suna nan daram. Sai dai akwai rahoto.

Jiya ta zo kamar kullum da kularta. Na ci, na yaba, muka yi zancen ruwan sama. Wayar ta yi ƙara, motar ta iso. Muka fito. Sai Mma Ikwo ta buɗe ƙofar baya, ta zaunar da kular a kan kujera, ta jawo bel ta ɗaura mata, ta rufe ƙofa. Direba ya leƙo ya ce, “Mama, ke fa?” Ta ce, “Ɗana so yake ya ga ɗigo ya isa gida lafiya. To ga ɗigo nan, ka kai shi. Ka miƙa wa mai shagon da ke ƙofar gidana. In oga ya kira, ka ce fasinjarka ta yau ba ta da surutu.” Yaron ya dube ta, ya dube ni, ya ja motarsa yana girgiza kai.

Ta juyo ta gyara ɗaurin zaninta ta ce, “Ete Orok, ashe a gidan nan ba a raka baƙo?”

Na koma ciki da saurin da ban san ina da sauransa ba. Arit ta miƙo mini lema da sanda, karon farko da na ga ta ajiye waya ba a roƙe ta ba, ta ce, “Papa, don Allah kada ka dawo mana da maganar nan a aljihu.”

Muka kama hanya. Kada ka tambaye ni abin da ya same ni. Daga get zuwa kwana na yi mata lacca kan yadda aka bar kwatocin unguwa suka toshe. A gindin mangwaro, inda aboki ke juyawa, na tsaya, na buɗe baki, sai na ji kaina ina tambayarta ko ta lura agade ya yi tsada. Muka wuce coci. Muka gangara inda ake hango kogi, iyakar suruki, na ce mata ruwa ya ƙaru bana. Ta ce, “Haka ne, kogi ne ai.” Ban ankara ba sai ga mu a ƙofar gidanta, ga mai shago yana miƙo kula.

Ka san dokar, ko da yake ka yi watsi da ita. Ba a raka mutum har cikin gidansa, don in ka yi haka ka mayar da shi mai gida, kai ka koma baƙo. Ta karɓi kular ta ajiye ciki, ta fito ta ce, “To, ka kawo ni, ka ɗora mini nauyi. Yanzu kai ne baƙo. Juya mu tafi.”

Muka juyo. Yayyafi ya fara, na buɗe lema, dole muka matso kusa. Wannan karon ban yi lacca ba, don kwatocin sun ƙare. Muka haura gangaren a hankali, tana dafa hannuna, har muka dawo gindin mangwaro. Nan ta tsaya cak ta ce, “Orok.” Ba Ete, ba komai, rabon da wani ya kira ni haka tun Ansa na da rai. Ta ce, “Gwiwata ta gaya mini ta gama aikin yau. Nan ne iyakata. In akwai abin da ka manta, to ka tuna shi yanzu, don Legas ba ta da mangwaro.”

Na kafa wa kwata ido. Na ce, “Af, na kusa mantawa.” Na ji ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Na ce, “Kada ki tafi, Ikwo. Ki zauna ki aure ni. Gidan nan ya yi mini faɗi, kuma duk mako Asabar kaɗai nake jira. Ba don ekpang ba.” Sai na tuna a gaban Allah nake, na ce, “Har da ekpang ɗin, gaskiya.”

Ta yi dariya har sai da ta sa bakin ɗankwali ta share ido, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba. Ta ce, “Kai da ka koyar da rabin garin nan! Ka taɓa jin mace mai ciwon yatsu ta zauna tana naɗe ekpang don tausayi? Mai tausayi shinkafa take dafawa. Ansa ta gaya mini kana da nawa, ta ce sai da takalmin ubanta ya tsinke kafin ka buɗe baki. Na ɗauka sharri take maka.”

Na ce, “Kin yarda ke nan?”

Ta ce, “Riƙe lemar da kyau, kafaɗata na jiƙewa. Na yarda.”

Daga nan kuma wata matsalar ta taso, domin ba namijin da zai bar matar da zai aura ta koma gida ita kaɗai cikin yayyafi. Na sake mayar da ita, muna hutawa a kan kowane benci. A ƙofa ta ɗaga mini yatsa ta ce in na kuskura na tsaya jiran rakiya, da tsintsiya za ta raka ni. Na iso gida kafin rana ta faɗi. Arit ta dubi fuskata kawai, ta buga ihu ta tafi ɗora ruwan zafi.

Yau bayan coci Mma Ikwo ta kira Eyo ta ce ya nemi yadda zai yi da tikitinsa, ita tana nan. An ce amsar da ya ba ta ita ce “I see.” Kai ne dai, ba ka gajiya. Daga baya ya ce Juma'ar nan zai zo duk da haka, kuma yana so ya “see” ni. Ban san wace riga za ka sa ranar ba, ta jan biro ko ta “We shall see.” Ban ga laifinsa ba. Uwarsa ce, shi kaɗai ta haifa, kuma ya riga ya yi wa ɗakinta fenti.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ga buƙatuna cikin ladabi. Ofishin Ukpong, ka ajiye aikin can, bai dace da kai ba. Asibiti, in za ka ci gaba da zuwa, ka riƙa ɗaga wa likita haɓa. Sauran kuwa ka riƙe, na san zamani ya yi tsada, kowa da 'yan buga-bugarsa.

Babbar buƙatar ita ce ta Juma'a. Ina roƙonka ka ɗauki hutu daga dukan ofisoshinka, ka ciro tsohuwar rigarka ta rakiya, ka kakkaɓe ta ka zo gidana. Zan karɓi Eyo a falo, ya ci ya sha, mu yi zancen cunkoson Legas da tsadar siminti, ba zan ce masa komai ba, shi ma na san ba zai iya ba. In ya miƙe ya ciro waya zai kira mota, zan dafa hannunsa na ce ya mayar da ita aljihu. Zan ɗauki sandata na wuce da shi get, na wuce mangwaro, na gangara da shi har inda ake hango kogi, na tsaya ina kallon masunta. Yaron nan yana da abin da yake so ya faɗa game da uwarsa, da mahaifinsa da ya rasu, da tsoron da ke sa shi zama yana gadin ɗigo. Ba wanda ya taɓa raka shi nisan da zai tuna. Takalmina sabo ne, zan jira.

A nan zan juya, ranka ya daɗe, don na rako ka nisan da ban taɓa raka wata kalma ba. Ka gaida Saw da Seen.

Af, na kusa mantawa. Game da Mma Ikwo, daga ranar da fasto ya gama nasa aikin, na sallame ka. Ba zan ƙara raka ta ba. Ba a raka mutum daga gidansa.

Naka mai biyayya har ƙasa,
wanda ya yi maka hidima da alli da jan biro bai taɓa neman ƙarin girma ba,

Orok Asibong Nyong,
Hedimasta mai ritaya,
Gida mai koren get, kafin a kai mangwaro,
Kalaba.